Ranar da sikeli ya ƙi sauka

 

Na san wasu sun ga taken zaman yau sun yi dariya. Wani ma ya rubuto mini ta WhatsApp ya ce, "Ke yanzu a ƙasar da ake auna damtsen yara da igiya, maganar rage ƙiba za ki tara mu a kai?" Ban ji haushi ba, don yana da hujja. Amma ina so kafin mu tashi ya ga cewa maganar biyu ba ta yi nisa da juna yadda yake zato ba.

Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa yin rejim a nan? Ku ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne, har ku mazan da ke baya masu ɓoye tumbi cikin babbar riga. Yauwa. To wa ya ga kilo ya sauka wata biyu, wata uku, sannan ya tsaya cik kamar an taka birki? Kun gani ko? Kusan hannayen nan ne dai.

Ni ƴar Damargu ce. An haife ni a wani ƙauye na yankin Tarka, lokacin Belbeji tana ƙarƙashin Tanut, don sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Karatu ya kawo ni Damagaram, na gama jami'a, na samu aiki. Aikin kuwa kun san irinsa: kujera, kwamfuta, taron bita, a tsakiyar taro a kawo fanke da lemu, kabu-kabu ya kai ni ya maido ni har ƙofar gida. Cikin shekara uku na tashi daga kilo 63 zuwa 84, ga ni tsawona mita ɗaya da santimita 62. Dangi suna ta cewa "Masha Allah, aiki ya karɓe ki." Likita kuwa da ya auna ni cewa ya yi jinina ya fara hawa. Innata tana fama da ciwon sukari, na san abin da ke jirana. Don haka ba gayu ne ya sa ni rejim ba, tsoro ne.

Na rage tuwo, na bar fanke, na bar cin dare. Wata huɗu na sauko 76. Har hoton sikeli na riƙa ɗauka. Daga nan sai shiru. Sati ɗaya 76, sati uku 76, sati bakwai 76. Sai na yi abin da kusan kowa ke yi, na ƙara matse wa kaina. Na koma ci sau ɗaya a yini. Na sayi wani shayin rage ƙiba a wurin wata mai talla a intanet, jika bakwai da rabi. Shayin nan abin da ya iya kawai shi ne tura mutum bayi. Daga baya na gane irin waɗannan da yawa ganyen filasko ne a ciki, wanda tsofaffinmu ke sha idan ciki ya ɗaure, an zuba shi cikin kwali mai hoto. Ruwa yake fitarwa da gishirin jiki, kitse yana nan inda yake. Na fara jin sanyi a watan Afrilu, ku ji fa, Afrilun Damagaram. Gashina ya riƙa bin mataji. Al'adata ta rikice. Wata rana a bakin kasuwar Dole na ga duhu ya rufe ni, sai wata mai sayar da gyaɗa ta zaunar da ni ta ba ni ruwa. Kuma duk da wannan wahala, sikeli 76.

A cikin wannan hali aka yi suna a gida, na tafi. Muka bi hanyar Agadas, muka wuce Bakin Birji, muka karkata yamma. Kakata tana zaune a gindin zana, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kishiya, wa ya kama ki? Ko abincin birni ne ya ƙare?" Na ce, "Kaka, ni na rage da kaina." Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Au, da kuɗinki kike sayen yunwa?"

Da dare na ba ta labarin duka, har da tsayawar sikeli, ina zaton ba za ta gane ba. Sai ta ce, "Yo ai haka jiki yake." Ta kawo mini shekarar 1984, yunwar da ake ce wa El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Shekarunta a lokacin kamar nawa yanzu, da goyo a bayanta. Ta ce watannin farko sun zube ƙwarai, zane ya riƙa kwancewa daga ƙugu. Daga baya ramar ta lafa, ba don sun samu abinci ba, don hanza suke ci, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa har ɗacin ya fita. Ta ce, "Jikin ne ya koyi rowa. Sai ki ji sanyi rana tsaka. Sai ki zauna ki kasa tashi, magana ma ki rage. Mata da yawa jinin wata ya ɗauke musu." Ta ce da damina ta dawo aka samu hatsi, waɗanda suka rayu sun yi jiki da sauri har mutane suna mamaki.

Jama'a, duk abin da ta lissafa, shi nake ji a jikina. Bambancin kawai ita fari ya sa ta, ni kuwa ni na sa kaina.

Da na dawo na shiga karatu, sai na tarar masana sun auna wannan abu da kakata ta kira rowa. A 1944 zuwa 1945, a jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani Ancel Keys ya ɗauki samari 36 da suka yarda a gwada yunwa a kansu, don a san yadda za a ciyar da mutanen Turai bayan yaƙin duniya na biyu. Sati 24 ana ba su kalori wajen 1,570 a yini, rabin abin da suka saba, kuma suna tafiyar kilomita 35 a ƙasa kowane sati. Kalori, ga wanda bai saba da kalmar ba, shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar lita ga man mota. Samarin nan sun rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma ramar ba ta tafi da gudu ɗaya ba: da farko ta yi sauri, a ƙarshe ta kusa tsayawa. Man da jikinsu ke ƙonawa idan suna kwance ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wani ɓangare don jikin ya ƙanƙance, wani ɓangare kuma jikin ne ya rage wuta da kansa. Bugun zuciya ya yi ƙasa, sanyi ya dame su, fushi ya yi yawa, ba su da zance sai na abinci, wasu har littattafan girki suka riƙa tarawa. Da aka sake musu abinci, kitse ya dawo har ya wuce na da.

Kada ku ce wannan tsohon zance ne. A 2016 wani mai bincike Kevin Hall da abokan aikinsa suka bi sawun mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, The Biggest Loser. A gasar kowannensu ya zubar da kilo wajen 58 cikin sati 30, idan aka yi raba-daidai. Bayan shekara shida, wajen kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 ƙasa da abin da ya kamata mai girmansu ya ƙona a yini. Shekara shida fa, jiki bai manta ba.

Jiki bai san rejim ba. Bai san akwai biki a watan gobe da kike son anko ya zauna miki ba. Abin da ya sani shi ne abinci ya ragu, kuma a tarihin ɗan Adam idan abinci ya ragu, fari ne ko fara ko yaƙi. Mu ƴan Damargu mun fi kowa sanin wannan. Ƙasarmu ita ce rumbun da ayarin Abzin ke saukowa su sayi hatsi, amma kuma ƙasa ce a bakin hamada, shekarar da ruwa ya ƙi sai rumbu ya zama kango. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973, na 1984, sannan 2005 bayan fara da ƙarancin ruwan 2004. Ko a shekara mai kyau, manomi yana ramewa tsakanin shuka da girbi, lokacin da aiki ya fi yawa rumbu kuma ya fi sauƙi. Wanda jikinsa bai iya rowa ba, bai kai ga haihuwar iyayenmu ba. Abin da muke zagi a kan sikeli, shi ya tsallakar da su.

To amma a nan zan faɗi abin da ba ku so ku ji, ni ma ban so ba. Rowar jiki gaskiya ce, sai dai ba ita kaɗai ce ba, kuma ba ita ce babba ba. Jiki ba ya ƙera kitse daga iska. Samarin Minnesota sai da haƙarƙarinsu ya fito kafin ramar ta lafa, haka ma kakata. Ni kuwa ina da kilo 76. Idan nauyina ya tsaya sati bakwai, ma'anarsa abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, ko na yarda ko ban yarda ba.

Akwai wani lissafi da Kevin Hall ɗin nan da wasu suka fitar, shi ma a 2016, wanda ya buɗe mini ido. Duk kilo ɗaya da ka zubar, jiki yana rage ƙona kalori 20 zuwa 30 a yini. Amma yunwa tana ƙaruwa da wajen kalori 100 a yini. Ku lissafa nawa: kilo takwas. Wuta ta ragu da kamar 200, ciki kuma yana neman ƙarin 800. Yunwar nan ba ta zuwa da sallama. Hannu ne ke ƙara miƙewa, cokali ne ke ƙara cika, ba ka sani ba. A 1992 an yi wani bincike a New York kan mutanen da suka rantse ba sa cin kalori 1,200 a yini amma ba sa ramewa. Da aka auna su da kyau, sai aka ga abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari, motsa jikin da suke faɗa kuma sun ƙara masa kashi 51. Ba maƙaryata ba ne. Ido ne ba mudu ba.

Sai na sayi ƙaramin littafi, na rubuta duk abin da ya shiga bakina kwana bakwai. Wallahi na ji kunyar littafin nan. Ni mai "ci sau ɗaya", ashe shayin safe da madara ƙwayar sukari huɗu nake jefawa, kowace wajen kalori 20. A wurin aiki mai gadi yana dafa shayi, na fari, na biyu, na uku, ban taɓa cewa a'a ba, kuma kun san yadda ake zuba wa shayinmu sukari, da kofi ake aunawa. Zoɓo mai sanyi da rana, don ai "ba abinci ba ne". Gyaɗa ina aiki ina watsawa, alhali gram 100 nata ya kusa kalori 600. Shinkafa da waken da nake ci da yamma, mai sayarwa tana malala mata mai, cokali babba ɗaya na mai kalori 120 ne, ita kuwa ba ta tsayawa a ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar gram 50 a yini ga babba, in da hali 25. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana da wajen 35. Wato na hana jikina abinci mai gina shi, na bar masa sukari da mai. Shi ya sa ga jiri, ga zubar gashi, ga sikeli a tsaye. Irin wannan ne ke samun wasu da azumi, a yini ba ci, amma tsakanin shan ruwa da sahur a rama har da riba.

Abin da na yi bayan nan ba shi da wani sirri, kuma ba ya sayuwa a kwali.

Na zubar da shayin nan. Na koma wurin likita, ya duba sukarina da jinina da maƙoshi, don akwai ciwon maƙoshi da ke sa jiki sanyi da nauyi, akwai kuma magunguna da ke riƙe ƙiba. Wanda ke shan maganin sukari ko na hawan jini, mai ciki, mai shayarwa, don Allah kada ku taɓa abincinku sai da likita. Sannan na yi abin da ya fi ba ni tsoro: na ƙara ci. Sati biyu ina cin abinci sau uku, na daina neman ragewa. Akwai binciken da aka yi a Ostareliya kan maza masu ƙiba, inda masu yin sati biyu na ragewa, sati biyu na hutu suka fi zubar da kitse. Ba duk binciken da ya biyo baya ne ya samu haka ba. Amma ni hutun ya maido mini da barci da hankali, kuma da su ne na iya ci gaba. Kwanakin farko sikeli ya hau kilo ɗaya da wani abu, na kusa kuka. Ruwa ne. Sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka, kowane gram yana riƙe da ruwa wajen gram uku. Gishiri da dunƙulen magi ma suna riƙe ruwa, mu mata kuma kafin al'ada kilo ɗaya ko biyu yana iya hawa ya sauka da kansa. Sau da yawa abin da muke kira tsayawa, in bai wuce sati biyu ko uku ba, ruwa ne ya rufe kitsen da ya tafi.

Abincin da na koma wa, na gidanmu ne. Wake, ƙwai, nono ba sukari, busasshen kifi, fara idan lokacinta ne, awara. Waɗannan su ke riƙe ciki, su ke hana tsoka zubewa, tsoka kuwa ita ce murhun da ke cin mai ko kana zaune. Kwaɗon zogale, tafasa, yaɗiya, rama, su cika rabin kwano. Tuwon hatsi madaidaici ya fi mini burodi da mayonez nesa ba kusa ba. Fura ba maƙiyiya ba ce, sukarin da muke zuba mata ne. Abin dariya, hanzar da kakata ta ci da hawaye yanzu ana gyara ta a nan Damagaram, Sahara Sahel Foods suna sayar da ita cikin leda. Da na gaya mata sai ta ce in gaishe da masu saye.

Sai motsi. Na lura tun da na rage ci na zama kamar yadda Kaka ta faɗa, in na zauna ba na son tashi, aike kaɗan sai in tura yaro. Wannan ma rowar jiki ce, kuma ita ce wadda muke da iko a kanta. Na bar kabu-kabu da safe, tafiyar minti 25 ce zuwa aiki. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa minti 150 zuwa 300 a sati, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ba ni da kuɗin gidan motsa jiki. Ina da jarkar ruwa biyu da turmi. Ƴan'uwana na ƙauye da ke daka da jan ruwa daga rijiya mai gaba da yawa ba su taɓa jin sunan wannan shawara ba, sun kuma ninka ta. Barci kuma na daina kai ƙarfe biyu a kan waya, don rashin barci yana buɗe ciki. Mazan fada, wannan taku ce.

Sati biyar bayan haka sikeli ya motsa. A hankali ƙwarai, rabin kilo, wani satin ba komai. Yau ina 72, kuma na fi wata shida a nan. Jinina ya daidaita. Na yanke shawara ba zan bi 63 ba, don kuɗin da jikina zai caje ni ya fi ribar yawa. Masu ilimin abin ma suna cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa ya taɓa sukari da hawan jini.

Akwai ƙannenmu da ke tafiya ta ɗaya hanyar, ba zan tashi ban ambace su ba. Ana gobe biki ana ba amarya "sha ka fashe" don ta cika ido. Yawanci ƙwayoyi ne irin su dexamethasone, maganin asibiti mai ƙarfi, wanda in an sha ba bisa ƙa'ida ba yake kumbura fuska, ya tada sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Tebur ɗaya ke sayar wa ramammiya wannan, ya sayar wa mai jiki shayin zawo.

Shi kuma ɗan'uwana da ya yi mini tambayar igiya, ga inda muka haɗu. Ni da nauyina ya tsaya, ina da lokacin yin littafi da lissafi. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da nauyinsa ya tsaya, shi ba shi da wannan lokaci. Jikinsa ma rowar yake yi, amma abin da yake ragewa girma ne da ƙarfin yaƙar cuta. Idan igiyar nan ta nuna ja, ƙasa da milimita 115 a damtse, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar, ba a jira kasuwa ta ci ba. Da yawanmu nan muna da ƙanne da ƴaƴan yayye a Gangara, a Olelewa, a Tarka. In kun je gida, ku tambayi uwar ko an auna shi.

Mu manya kuma akwai awon da ya fi sikeli faɗin gaskiya: ƙugu kada ya kai rabin tsawonka. Mai santimita 170, ƙugunsa ya zauna ƙasa da 85. Na zo da igiyar tela guda uku, suna nan kan tebur. Mata mu shiga ɗakin can, maza ku tsaya a nan, kuma ban yarda a ja ciki ba. In mun gama sai a yi tambayoyi.